Kofur da Fitilar Danja

Shekara talatin da ɗaya Kofur ya yi yana ba da hannu a babbar mahaɗar da ke gaban asibiti. Farar safar hannu, usur a baki, takalmi kamar madubi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya sakin motoci sai mafi nawar masu tafiya ya ɗora ƙafa a ɗaya gefen, ko da direbobi za su fasa hon. Da aka kafa fitilun danja aka sallame shi da takardar yabo. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce doka doka ce, ko a hannun mutum take ko a bisa ƙarfe.

Gidansa na bayan mahaɗar. Yana da shekara saba'in da takwas matarsa ta faɗi a madafa, ɓarin jikinta ya shanye, aka kwantar da ita a asibitin nan. Daga tagar ɗakinsa yana hango ginin. Layi shida ne na mota tsakaninsu.

Ya auna fitilar da agogonsa: koren ɗan mutum yana tsayawa daƙiƙa goma sha huɗu. Ya auna kansa a tsakar gida, da sanda: ashirin da uku. Don haka kullum yakan jira 'yarsu ta taso daga aiki ƙarfe huɗu, ta zagaya da shi a mota.

Da ya ba matar labari sai ta yi dariya da rabin bakinta.

"Kofur, kai da ke tsayar da tirela da yatsa ɗaya, yau ɗan tsana ke ba ka oda?"

"Shi ma ma'aikaci ne, tsohuwa. Ba shi da ido ne kawai."

Ranar wata Talata, ƙarfe goma sha ɗaya saura, nas ta bugo waya. "Baba, ka zo yanzu. Kada ka jira komai."

Ya kira 'yar, wayarta a kashe, tana aji tana koyarwa. Ya ɗauki sanda ya fita.

Ya tarar da kore ya kusa ƙarewa, ya ƙi sa ƙafa, don ya sha tsawatar wa masu yin haka. Ya jira sabo. Yana fitowa ya taka iyakar ƙarfinsa. A layi na uku ja ya kama.

Bai ko yi tunani ba. Ya juyo ya fuskanci motocin, ya haɗa dugadugai, ya ɗaga tafin hannun dama daidai kafaɗa. Babu wanda ya tsaya. Suka riƙa ratsa shi hagu da dama. Wani direban bas ya leƙo.

"Tsoho, in ka gaji da duniya ba da motata ba!"

Wani kuwa ya ɗaga masa hannu, ya ɗauka gaisuwa ce.

Da a ce ya tsaya cak a wurin, da kore na gaba ya ishe shi ƙarasa tsallakewa. Amma a iliminsa, mai tafiya ba ya tsayawa a tsakiyar titi. Da ya sami rata sai ya koma baya, ya bi gefen hanya zuwa gadar masu ƙafa, can wajen tasha. Matakala arba'in hawa, arba'in sauka, yana hutawa a kowace ta goma.

Sha biyu saura kwata ya shiga ɗakin. An ja labule kewaye da gadon. Nas ɗin ta tare shi, ta jawo masa kujera, ta karɓi sandar.

"Sai haƙuri, Baba. Minti ashirin ke nan."

Ya zauna. Can ya ce, "Ta ce wani abu?"

Nas ta sunkuyar da kai. "Tagar take ta kallo. Sau uku tana tambayata ko ka tsallako."