Dokin Kawu da Farfela Biyu

Har yau idan na ratsa kasuwar Funtua na ji ƙamshin mazarƙwaila, sai ƙafata ta tsaya da kanta. Ba kwaɗayi ba ne, likita ya raba ni da zaƙi tuntuni. Wajen Kawu nake tunawa, can bayan Danja, a bakin fadama, inda na yi wayo.

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma mazarƙwaila ce sana'arsa tun kafin a haife ni. Wurin aikin nasa ba wani abin kallo ba ne. Injin matsa rake na ƙarfe a tsakiyar fili, an ɗaura masa dogon gungume, doki na jan gungumen yana zagayawa, ruwan rake na tsiyaya cikin daro. Gefe guda ga dogon murhu na ƙasa da babban kasko a kai, ana hura masa wuta da busasshiyar tuƙar rake. Duk gwanintar a wuri ɗaya take. Idan ruwan ya yi kauri ya fara tsalle yana fashewa, akwai lokacin da ake janye wuta. Ka yi gaggawa ba ta daskare ba, ka yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci. Kawu ba ya ba kowa ƙarfen jan wutar nan. 'Yan sari daga Malumfashi da Tsiga sun san tasa da ido, kuma abin da ake faɗa a kansa shi ne bai taɓa ƙona kasko ba. Shi ma ya san ana faɗa, yana kuma jin daɗinta, ko da yake ba zai nuna ba.

Dokin bidi ne, wato mai gashi gauraye da fari. Ni na san shi da ƙarfinsa, yana jan gungume kamar wasa. Shekarar da nake ba da labarinta kuwa ya tsufa, ƙafarsa ta baya tana rawa, idan ya zagaya ya zagaya sai ya tsaya yana haki. Babban ɗan Kawu, taubashina, ya matsa a sayar da shi tun yana tsaye da ƙafafunsa, a cika a sayo saurayi. Masu sayen tsofaffin dawaki kuwa a mota suke loda su zuwa Kudu, kowa ya san yanka su ake yi a can. Kawu ba ya musu da shi. Da an ɗauko maganar sai ya tashi ya tafi duba wuta. Amma rake ba ya matse kansa, kuma gidan ba shi da halin ciyar da doki biyu, ɗaya na aiki ɗaya na kwance. An taɓa yin hayar injin gas, man ya cinye ribar, Kawu kuma ya rantse yana jin warinsa a cikin mazarƙwailar.

Ni a lokacin ina aiki a wata tashar wutar lantarki a Kudu, inda tururi ke juya manyan farfeloli. Na zo dogon hutu, muna zaune da hantsi muna kallon bidin nan yana jan ƙafa, sai Kawu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Injiniya, an ce da tururi kuke juya ƙarfe. Ga tururi nan ina zubarwa sama kullum. Ba za ka hutar mini da dattijon nan ba?"

Na ce masa tururin kasko ba shi da ƙarfi, wutarsa nake so. Ya ce wuta ai ga ta nan, in ɗiba.

Haka na faɗa cikin aikin da ya cinye mini hutuna duka. A Funtua akwai wani mai walda da muka yi firamare tare, mutum mai hannu, mai baki kuma. Muka bi 'yan gwangwan muka tsinto tsohuwar tukunyar tururi da ta fito daga wani gidan gurzar auduga da ya mutu, da giyar tsohuwar mota don rage gudu, da bel. Farfela kuwa mu muka ƙera ta, fiffike bayan fiffike. Rigimarmu ta tashi ne ranar da na zana masa farfela biyu, da bututun da zai ɗauki tururi daga ta farko ya koma da shi cikin murhu kafin ya kai ta biyu.

Ya ajiye gilashin walda ya ce, "Abu ya fito daga wuta ka sake mayar da shi wuta? Injiniya, inji za mu yi ko ɗumame?"

Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Tururi idan ya bugi farfela ta farko yana barin zafinsa a can, sai ya fara jiƙewa, ƙananan ɗigon ruwa su fito a cikinsa. A irin gudun da yake yi, ɗigon ruwa da tsakuwa duk ɗaya ne, cin fukafukan ƙarfe yake yi. Idan aka bi da shi ta cikin wuta sai ya bushe, ƙarfinsa ya dawo, ya juya ta biyu lafiya. A tasharmu haka ake yi, kuma tukunyar da muka tsinto ba ta da ƙarfin da farfela ɗaya za ta isa. Ya saurara har na gama, ya ce to ya ji, ɗumame dai. Sunan da ya bi injin ke nan har ƙauye, har mata a cikin gida. Na ji haushi sosai a lokacin, yanzu kuwa ni ma haka nake kiransa.

Tuƙar da Kawu ke samu ba ta isa wuta biyu ba, don haka murhu ɗaya muka yi wa aiki. Muka zaunar da tukunyar a bayan kasko, bututun ɗumamen kuma muka lanƙwasa shi ya bi ta ƙarƙashin kaskon, inda wuta ta fi ci.

Ranar gwaji mutane suka taru kamar ana suna. Na buɗe bawul, makunnin da ke sakin tururi, farfela ta farko ta ɗauki kuka siriri, ta biyu ta amsa, bel ya motsa, ƙarfen matsa rake ya juya ba doki. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Taubashina da ke tura rake ya ce, "Ɗan mace, ashe ba zaman banza kake yi a Kudu ba." Muna cikin wannan murna ruwan kasko ya kai. Kawu bai ma san ya yi ba. Hannunsa ya ɗauki ƙarfe ya janye wutar tas, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Bututu ya huce, jiƙaƙƙen tururi ya shiga farfela ta biyu, sai muka ji kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Kafin in kai ga bawul fukafukai da yawa sun gutsure.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma Kawu ne, me zan ce? Na zagaya bayan murhu na sauke wa mai walda duk abin da ke cikina, shi da bai yi komai ba. Ya bar ni na gama, ya ce in taimaka masa mu kwance farfelar tun rana ba ta yi ba. Da na dawo na durƙusa gaban Kawu na ce, "Kawu, don Allah, muddin injin nan na juyawa, wuta ba ta fita."

Ya ce, "To kaskon fa?"

Na ce za a iya rufe bawul tukuna, sannan a janye. Ya tambaye ni in an janye, yaushe tururin zai sake tashi. Na ce da ɗan jimawa. Ya gane ɗan jimawar injiniyoyi.

Gyaran farfela ya ɗauke mu kwanaki a Funtua, bidi ya koma gungume. Kafin mu dawo an sare rake mai yawa an tara, don taubashina ya riga ya yi wa 'yan sari alkawari. Ranar da muka iso da farfelar muka tarar dokin ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a tsakiyar zagaye, sai da aka kama shi aka tayar. Rake kuwa idan an sare shi ba ya jira, tsami yake yi. Taubashina ba mugu ba ne, iyali ne a wuyansa. Ya ce wa mahaifinsa a gabana, dillalin dawaki zai biyo jibi da safe. In ɗumame ya cinye tarin nan kafin magaribar gobe, shi ba shi da sauran magana, doki ya zauna ya ci ciyawa har Allah ya karɓi abinsa. In bai cinye ba, a bar shi ya yi abin da ya dace. Kawu ya ce ya ji.

Washegari da muka tayar da wuta tun sanyin safiya, ban taɓa ganin tarin rake ya yi mini girma haka ba. Aka kwance bidi aka kai shi gindin mangwaro, ba a ko ɗaure shi ba, don ba inda zai iya zuwa. Injin ya kama aiki. Kaskon farko da ya kai, muka yi yadda na ce, na rufe bawul, Kawu ya janye wuta, aka kwashe, aka zuba a ƙananan kwanuka. Mazarƙwaila ta yi kyau, ja mai haske. Sai dai kafin tukunya ta sake ɗaukar zafi rana ta take tsaka. Na dubi tarin, na dubi inuwa. Kawu ma ya duba. Kowa ya ga in aka sake janye wuta ko sau ɗaya, magariba za ta same mu da rake a ƙasa.

Bayan la'asar kasko na biyu ya fara tsalle. Na tsaya a kan bawul ina kallon Kawu. Ya ɗauki ƙarfen jan wuta, ya riƙe shi, ya matsa bakin murhu. Ƙamshin ya kai daidai wurin da ko ni da ba gwani ba na san ya kai. Sai ya jingine ƙarfen a bango, ya ɗebo tuƙa rungume guda ya ƙara a wuta.

Ya ce da ni, "Bar shi a buɗe."

Ya ɗauki babban ludayi ya shiga kwasa da sauri, iyakar abin da hannun tsoho zai iya. Bai kai rabi ba sauran ya yi baƙi ya kama kasko. Hayaƙi mai ɗaci ya tashi ya bi fadama ya shiga gari. Warin ƙonanniyar mazarƙwaila ba ya ɓoyuwa, kuma duk wanda ya shaƙe shi a yammacin nan ya san daga murhun wa ya fito. Wani maƙwabcinsa mai irin sana'ar ya taho har bakin fili, ya tsaya, ya ga Kawu ne da kansa a kan wuta, ya juya bai ko yi sallama ba. Na ji kunyar ta kama ni kamar ni na ƙona. Kawu bai ɗaga kai ba. Ya sa aka riƙa zuba ruwa a kaskon don kada ya fashe, ruwan raken da ke fitowa kuma aka riƙa rarraba shi gidajen maƙwabta masu murhu su dafa a raba. Shi dai tuƙa yake turawa, farfela biyun nan na kuka ba tsayawa.

Rana na gab da faɗuwa taubashina ya tura sandar rake ta ƙarshe. Ya share hannunsa a riga, ya ce zai aika a gaya wa dillali kada ya wahalar da kansa. Daga baya mun sake ginin murhun, muka yi wa kasko hanyar da za a toshe masa wuta shi kaɗai, injin kuma ya yi wa gidan aiki shekaru kafin tukunyar ta gaji. Amma ba a ƙara cewa Kawu bai taɓa ƙona kasko ba, kuma na san abin ya tsaya masa a rai har ya bar duniya.

A yammacin nan dai, da na rufe bawul wurin ya yi tsit, na waiga ban ga Kawu ba. Can na hango shi gindin mangwaro. Ashe tun da bidi ya ji kukan ƙarfen matsa rake ya bar ciyawar da aka zuba masa, ya kama zagaya bishiyar shi kaɗai, ba gungume ba igiya, yana jan ƙafar nan tasa, har ya fitar da sawu a ƙasa. Ba wanda ya lura, duk hankalinmu na kan wuta. Kawu ya tare shi, ya ƙi tsayawa. Sai ya ɗora hannu a wuyansa ya bi shi, suna zagayawa tare a hankali, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Na matsa kusa don in ce masa an kira salla. Na ji yana cewa, "An gama, dattijo. Na ce maka an gama."