Ƙafar da Ta Raba Ni da Salaga

Tun ina sayar da koko a bakin tashar Salaga jijiyar ƙafata take ɗaurewa da dare. Tsayuwa ce ta jawo, ba sai an faɗa mini ba. Naman bayan ƙafar sai ya dunƙule kamar curin fura, yatsu su lanƙwashe. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ko ido ba ya buɗewa. Ya lalubo ƙafar, ya tura yatsun sama da tafin hannunsa har ta saki, ya ce, "Gobe ma ki tsaya har azahar," ya koma barci.

Da ya rasu na koyi yi wa kaina. Kafin in kwanta in gasa ƙafar da ruwan ɗumi, in mulke ta da man kaɗanya. In ta kama, in diro, in dafa bango da hannu biyu, in miƙe ƙafar baya, dunduniya a ƙasa, har ta huce. Wani lokaci in zarga gyale a tafin ƙafar in ja. Ina iyawa, wallahi, sai dai na gaji.

'Yata ta fari tana aure a Bawku, kuma tun ranar da na fita takaba take neman dalilin kwashe ni. Ni kuwa ɗakina nake so. Kullum a waya, "Mma, ya ƙafa?" In ce, "Wace ƙafa? Kula da gidanki."

Da ta zo Babbar Sallah tana sharar ɗakin, sai na ji tsintsiya ta yi shiru. Ashe man kaɗanyar ya bar shatin hannuwana a bango, kan juna kan juna, sun yi baƙi. Ni da nake kallon bangon kullum ban taɓa lura ba.

"Mma, da kika faɗi fa? Wa zai ji ki?"

Na yi faɗa, na ce uwa ba ta tarewa gidan suruki, abin kunya ne. Ta bar ni na gama, ta jawo akwati. A Yendi, kan hanyarmu ta Bawku, da mota ta tsaya, na ce a mai da ni. Ta sayo mini ruwa.

Mijinta mutumin kirki ne, shi ne ma abin haushin. Ya ba ni ɗakin da ke jikin nasu, fenti sabo fari fat. Ta ina zan dafa wannan bango da hannun mai? Kuma yaya suruki zai ji nishina da tsakar dare? In ƙafar ta kama yanzu ba na motsi. In danna fuska a matashi, in jira ta gaji don kanta.

Jiya na ji 'yata tana gaya wa ƙaninta a waya, da murnarta, "Alhamdulillahi, tun da Mma ta zo ko sau ɗaya ƙafar ba ta tashe ta ba."