Ƙoƙon da Labbo Ya Kasa Mayarwa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Labbo baduku. Duk shekara idan damina ta ja, sauro ya yi yawa a Illela, sai in tuna da shi. A da tunawar takan zo mini da kewa. Yanzu da tsufa ya kama ni, takaici ne ya fi yawa, don na ga abin da ya cinye idonsa yana nan yana yawo a kan faranti a tashar mota.

Waɗanda suka san Labbo sun kusa ƙarewa, don haka bari in faɗi ko wane ne. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ke bi masa. Aikin fata yake yi: zabira, kube, takalmi, linzami. Idan ya yi wa jaka ado da jan fata, Fulanin garin Araba sukan tsaya su yi ta juya ta a hannu ko ba saye za su yi ba. Ni kuwa fatauci nake yi tsakanin Sakkwato da Konni, a zamanin da Turawa ba su daɗe da tafiya sun bar mana turakun iyaka ba, ƙasar Ingilishi a nan, ta Faransa a can. Labbo mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa. Ban taɓa jin ya ce wa babba a'a ba.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi. Na dawo daga Sakkwato da ƙwayoyin kwini, farare, masu ɗaci, waɗanda na saya wurin wani mai tebur. Mai teburin ya ce mini idan kunne bai fara ƙara ba, magani bai kama ba, a ƙara. Na yarda da shi don yana sanye da kwat. Na ba Labbo da safe, na ba shi da rana, na tambaye shi kunne, ya ce shiru, na ninka. Kwana biyu muna haka har ya ce yana jin kamar ƙudan zuma a kansa. Na yi murna. Allah ya gafarta mini, har na gaya wa mutane magani ya kama.

To, a garinmu mai zuwa dubiya ba ya zuwa hannu sake. Kowa da maganinsa, kuma ana so majinyaci ya sha a gaban wanda ya kawo, in ba haka ba an raina shi. Ran kwana na uku da hantsi sai ga surukinsa, Baba Gado, uban matarsa Ige, ya tsallako daga Konni da wani farin gari a ƙunshin takarda. Ya ce na Faransa ne, ya fi na Ingilishi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya sa aka dama fura, ya juye garin duka a ƙoƙo, ba awo ba komai, ya miƙa.

Ina zaune a wurin. Na san ƙwayoyin da na ɗura masa ko rabin sa'a ba a yi ba. Labbo ya dube ni, na dubi ƙasa. Ƙane ba ya buɗe baki a gaban surukin yayansa, haka aka koya mana. Labbo ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, ya yi godiya. Da la'asar Baba Gado ya sake dama wani ƙunshin kafin ya tafi, Labbo ya sake shanyewa.

Washegari rana ta fito sosai, ina ɗaure jaki, na ji Labbo yana cewa daga ɗaki, “Ige, mi ya hana a ɗaga asabari? Gari bai waye ba?” Asabarin a ɗage yake. Na shiga na tarar da idonsa a buɗe, fes, ba ja ba kwantsa, sai dai baƙin tsakiyar ya buɗe ya yi faɗi. Na kaɗa hannu a gabansa, bai ƙifta ba.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake ba ni haushi. Tun da ido ne ya mutu, kowa ya taru a kan ido. Aka sa kwalli, aka ɗiga nono, aka yi turare, aka wanke allo. Ba wanda ya tambayi abin da ya shiga cikinsa. Baba Gado ya fi kowa baki, ya ce iskar kuka ce ta bayan gari, ya kuma kawo bokan da zai kore ta. Bayan makonni gani ya ɗan dawo, amma a matse, kamar mai leƙe ta cikin kara. Abin da ke gabansa daidai yana gani, na gefe babu, da magariba kuwa sai a ja shi. Yakan zura zare a allura, ya tashi ya yi tuntuɓe da turmi. Sai mutanen da suka yi masa kuka suka koma cewa makantar ƙarya yake yi. Akwai wanda ya daina gaishe shi wai ya wuce shi a kasuwa bai kula ba.

A Konni na gano gaskiya. Wani tsohon soja da ya yi aiki a ɗakin maganin Faransawa ya ji labarin, ya ce in kawo masa abin da ya rage. Na kai masa ƙwaya ɗaya da takardar da aka ƙunso farin garin nan. Ya ɗanɗana wannan, ya lashi wancan, ya tofar.

“Wanga da wancan abu guda na,” in ji shi. “Kwini na duka. In yay yi yawa a jini, kunne shi ka fara kuka, sannan ido. Ƙarar kunnen nan ce maka aka yi ka tsaya. Ku kuwa kunka ƙara.”

Na dawo gida da niyyar in tara mutane. Na fara gaya wa Labbo. Ya daɗe yana shafa fatar da ke cinyarsa, sannan ya ce, “Uban Ige na. Kak ka hwaɗi ma kowa.” Na ce to ni fa, da na ninka? Ya ce, “Kai ma ƙanena na.” Shi ke nan, na yi masa alkawari. Ya rufa mana asiri mu biyu, ya bar kansa da sunan mai iska, ko mai ƙarya, har zazzaɓin wata shekara ya ɗauke shi. Baba Gado kuwa ya ci gaba da kai garinsa dubiya gida gida, ina gani, ina shiru. Ban san ko wani ya sake rasa ido ba. Ban bincika ba, don ina tsoron amsar.

Yau da Labbo zai zagaya tashar Illela, da ya ga masu faranti suna sayar da ƙwaya da launi, ja da rawaya na ciwon jiki, fari na zazzaɓi, rabi daga wannan gefen iyaka rabi daga wancan, sunaye daban, wanda ke sayarwa bai iya karanta ko ɗaya ba. Da ya ga mai hawan jini da mai ciwon suga suna ɗiga maganin ido na kasuwa, alhali ciwon daga jini yake hawowa. Nakan tambayi kaina me zai ce. Gaskiya ba zai ce komai ba. Da an miƙa masa da hannun girma, da ya sake shanyewa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai game da shi, kuma ina ƙaunarsa.

Ni ma yanzu suga ya fara taɓa mini ido, malamin asibiti ya tabbatar. Masu dubiya suna ta zuwa, kowa da ƙunshinsa. Akwai wata zabira da Labbo ya ɗinka bayan ganinsa ya matse, ɗinkin tsakiyarta ba a magana, na gefe ya karkace. A ciki nake zuba duk abin da aka kawo mini, in kai asibiti a duba. An ce tsufa ya sa na zama marar kunya. Na karɓa.

Makon jiya surukin ɗana, dattijo mai mutunci, ya zo daga Gidan Katta da kwalba, ya zuba a kofi ya miƙo mini. Ɗana ya dubi ƙasa kamar yadda na duba a wancan hantsin. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ajiye a gefe. Ya ce, “Ba ka sha ba, Malam.” Na ce ba zan sha ba, sannan na ba shi labarin Labbo tun daga farko, da sunan Baba Gado da nawa a ciki.

Yaya, na karya maka alkawari. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka. Da na buɗe baki tun a ranar, kafin ka kai ƙoƙon nan bakinka, da ka mutu kana ganin 'ya'yanka su uku a lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba.