Kakin Zuma a Jikin Motar Amarya

Motata ta farko, wadda ita ce kuma ta ƙarshe, doya ce ta saya mini ita, doya ce kuma ta tsufar da ita. A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ina shiga ƙauyukan Mumuye in saro doya in kawo kasuwa. Kujerar baya ma na cire ta na jingine a zaure don kaya su sami wuri. A takarda launin motar shuɗi ne. A ido kuwa sai ka matso ka goga yatsa kafin ka yarda.

Ban taɓa jin kunyarta ba sai da ma'aikata suka cika gari da motocinsu. Maƙwabcina a unguwar Majidaɗi ɗaya ne daga cikinsu, Bajukune, mutumin kirki, yana aiki a sakatariya. Kowace Asabar sai ya fito da gajeren wando ya wanke motarsa, ya buɗe wani ɗan gwangwani ya shafa mata, ya jira ya bushe ya yi fari, sannan ya bi da tsumma. In ya gama har gajimare kake gani a kanta. Ni kuma ina zaune a kan benci ina gaya wa 'yan majalisarmu ta hira cewa abin nan kakin zuma ne kawai aka sa wa turare, abin da ke cikin dajinmu ake juyo mana da shi a gwangwani. Na taɓa ganin kafinta yana goge tebur da kaki, iyakar ilimina ke nan, amma na yi maganar kamar ni na gina masana'antar.

Da bazara ta shigo aka sa bikin 'yar yayata. Yarinyar malamar firamare ce, ita ta kawo mijinta da kanta, mahaifinta kuwa ya daɗe da rasuwa. Dangin ango suka aiko cewa za su turo motar ɗaukar amarya, tunda sun san babu namiji a gidan. Wannan magana ta tsaya wa yayata a wuya. Ta mayar musu da amsa cewa su riƙe motarsu su ɗauki 'yan rakiya, kawun yarinya yana da mota, shi zai kai 'yarsa ɗakinta. Sai da ta aika sannan ta zo ta same ni.

"Auta, na riga na faɗa," in ji ta. Ina da furfura a gemu, amma a wurinta har yau Auta nake.

Na ce, "Yaya, kin ga motar kuwa kwanan nan?"

"Na gan ta. Shi ya sa na zo da wuri."

Maƙwabcina ya ji labari, ya leƙo ta kan katanga da gwangwaninsa a hannu. "Maƙwabci, karɓi wannan, akwai saura da yawa." Da babu kowa a wurin da na karɓa da hannu biyu. Amma 'yan majalisa suna zaune, duk sun zubo mini ido. Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe, ina da nawa tsarin." Ba ni da wani tsari. Sai bayan na faɗa na fara nemansa.

Ranar Juma'a da safe na shiga Kasuwar Jalingo wurin wani mai zuma da ke saukowa daga kan duwatsu. Ya nuna mini kaki iri biyu. "Wanne kana so? Wannan na tace shi, wannan yana da zuma a ciki." Tataccen ya yi fari-fari kamar tsohon sabulu. Ɗayan kuwa jawur, yana ta walƙiya a cikin ƙwarya. Na yi lissafi irin nawa: abin da ke ƙyalli a ƙwarya ai zai yi ƙyalli a mota. Na nuna shi.

"Ci za ka yi?"

"Mota zan shafa wa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya naɗe mini a ganye.

Wankin ya cinye mini wuni. Na kori kazar da ta mayar da kujerar baya wurin kwanciya, na kakkaɓe, na ɗaura ta a mazauninta. A ƙarƙashin kujerata na tarar da wata doya da ta ɓuya har ta yi tsiro. Na ja ruwa a rijiya, na bi jikin motar da soso da garin sabulu har ruwan ya daina fita ja. Ƙarafan gaba da na baya na goge su da toka da lemon tsami, tayoyi kuma na shafa musu baƙin man takalmi. Zuwa nan duk abin da na yi aikin mai hankali ne.

Kafintan nan da kananzir yake narka kakinsa. Ni kuwa na ce amarya ba za ta shiga gidan miji tana warin fitila ba. Na shiga madafa na ɗebi man gyaɗa, na haɗa da kakin a tsohon gwangwanin madara, na ɗora a murhu. Uwargida ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Malam, ƙosai za ka soya wa motar?"

Na ce ta jira ta gani.

"Wannan a ajin naku na yamma aka koya muku, ko kai ka ƙaro?" Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, kuma duk abin da na yi a gidan sai an jingina shi da ajin.

Na shafa da tsohuwar singileti, ina juya hannu kamar yadda na ga maƙwabcina yana yi. Na jira ya bushe ya yi fari. Bai bushe ba. Na ƙara jira, na yi la'asar, na dawo, yana nan da danƙonsa. Na ce wataƙila na gida haka yake, na hau gogewa. Sai ga shuɗi ya fito, shuɗin da ni kaina na manta da shi. Na sunkuya na ga fuskata a jikin ƙofa, har giɓin haƙorina. Maƙwabcina ya zagayo, ya kewaya motar, ya ja numfashi ya ce, "Lallai ta yi kyau. Ƙamshi kuma kamar alewa." Na ce masa duk ranar da gwangwaninsa ya ƙare ya yi mini magana.

Da safe na fito na ga kiyashi sun yi layi daga ƙasa, sun hau taya, sun nufi ƙofa. Uwargida ta ce, "Baƙinka sun fara isowa." Na sa tsintsiya na share su, ban tsaya na tambayi kaina abin da suka zo nema ba.

Bayan azahar na ajiye motar a ƙofar gidan yayata a unguwar Sarkin Dawaki, rabi a inuwar mangwaro, rabi a rana. Mata suka yi ta leƙe. Goggon ango, wadda ita ce ta aiko da maganar babu namiji, ta zo ta tsaya, ta dangwala yatsa a jikin motar, yatsan ya ɗan manne, ta shinshina ta wuce. Yayata ta gitta ta kusa da ni ta ce a hankali, "Auta, ka fitar da ni kunya." Na gyara babbar rigata na zauna cikin maza a tabarma, ina amsa gaisuwa da ka.

Ƙudan zuma ɗaya na fara gani, na kore shi da hula. Can sai muka ji wata ƙara kamar injin niƙa daga nesa. Rana ta narkar da kakin, ƙamshin ya bi iska, kuma a bazara ƙudan zuma ba su da abin yi sai neman zaƙi da ruwa. Kafin mu miƙe saman motar ya koma ruwan ƙasa, yana motsi. Masu kiɗan ƙwarya suka bar ƙoransu, masu goyo suka ruga cikin gida. Wani ya watsa bokitin ruwa, ruwan ya gangare a kan kakin bai ɗauke komai ba, sai ma ya zama an kawo musu abin sha. Wani ya ce hayaƙi ne maganinsu, ya kunna ciyawa a gindin motar. Ni kaɗai na san akwai jarkar fetur a but ɗin motar, don lokacin wahalar mai ake yi. Na ruga na tattake wutar da takalmin biki, na dawo da harbi a leɓe da kuma fatar ido.

Ina tsugune ina dafe da fuska na ji muryar goggon ango, a tausashe, kamar mai yin ta'aziyya. "Ba komai, uwar amarya. Tamu motar tana nan. Dama mun faɗa." Na dubi yayata. Tana tsaye tana murza bakin mayafinta. Na gwammace harbin da ganin ta haka.

Sai aka ce amarya tana kirana. Na same ta a ɗaki cikin lulluɓi, hannu duk lalle.

"Kawu, gilasan motar suna rufuwa?"

"Duk suna rufuwa, ban da na baya na hagu. Shi sai an riƙe."

"To a riƙe. Inna ta riga ta faɗa. Ka zagaya da ita iska ta rage su, ka dawo bakin zaure, kada ka kashe."

Na lulluɓa da bargo na faɗa cikin motar, na zaga unguwa da gudun da ban taɓa yi da doya ba. Da yawa suka tashi, wasu suka biyo ni, wasu kuma ƙafafunsu sun manne ko sun so ba za su sauka ba. Na ja birki daidai bakin zaure.

A al'ada amarya kan fito da nauyin ƙafa, tana kuka ana lallashi, kowane taki sai an roƙe ta. Tamu kuwa ta fito ƙarƙashin tabarma, ita ce a gaba, tsohuwar da ke riƙe da ita tana haki a baya. Al'adar kuma ta ce sai mace daga dangin ango ta zauna kusa da amarya. Goggon ango ta waiga ta ga duk danginta sun shige bayan ƙyaure. Ta tattare zani ta shigo, kuma Allah ya sa ta ɓangaren hagu ta zauna. Na ce, "Goggo, a taimaka a riƙe gilashin." Ta dafe shi da tafin hannu biyu.

Haka muka ratsa gari, ko'ina a rufe, zafi kamar cikin tanda, ni ina tuƙi da ido ɗaya. Ƙudan zuma guda ya shigo tare da mu yana ta kewaya kawunanmu, babu mai motsi, goggo tana ta salati ƙasa-ƙasa. Kafaɗun amarya suna rawa a cikin lulluɓi. Tsohuwar ta yi ta shafa bayanta tana cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, kowace mace haka ta bar gida." Ni da na san dariyarta tun tana rarrafe na ci gaba da tuƙina. Motocin rakiya suna biye da mu daga can nesa, babu wanda ya yi ƙoƙarin wuce mu.

A ƙofar gidan ango goggo ta saki gilashin, ya zame ƙasa, ta fito sharkaf da gumi. Ta jira har aka shigar da amarya, har yayata ta sauko daga motar baya, sannan ta dube ni.

"Kawun amarya, kun kawo ta, mun gode. Ranar kawo gara, don Allah ku zo da ƙafa."

Na buɗe baki in ce to, leɓen ya ƙi ba ni haɗin kai. Yayata ta riga ni.

"Garar ma a motar za ta zo," in ji ta. Ta juyo gare ni. "Auta, gobe ka dafa ruwan zafi da yawa."