Harouna Mai Yanka Shaho

Duk unguwar Manfuha, can ƙasa mai tsarki, babu wanda bai san taubashina Harouna Badamagare ba, mutumin da ya yanka shaho ɗari uku da allura. A 2016 yana surfani a wata warsha, wato shagon ɗinki, a unguwar Sulay, inda ake ɗinka bajon kafaɗa na wata rundunar jirage marasa matuƙi. Shaho ne a jiki ya buɗe fiffike, gadonsu tun rundunar tana da matuƙa. Harouna kuwa in ya ɗinka ido, saura kaɗan ya ƙifta.

Wata Juma'a ya nuna bajo ɗaya ga maƙwabcinsa Talha, ɗalibin shari'a, don a yaba. Talha ya ce surar mai rai akwai nauyi, amma ya ji ana cewa in an raba kai da jiki da sauƙi. Harouna, wanda karatunsa ya tsaya ranar da malam ya fara ɗaga bulala, ya ɗauke ta fatawa. Kowane shaho sai ya ja masa jan zare a maƙogwaro, har da bisimilla.

Aka kai kaya, aka dawo da su a kwali.

Mudir, manajan warshar, bai yi tambaya ba. Marin farko ya jefa Harouna kan keken ɗinki, allura ta shige masa kunci. Mudir ya bi shi da ƙarfen awo, baya, ƙeya, haƙarƙari, har ƙarfen ya lanƙwashe. Harouna ƙato ne, da hannu ɗaya zai ninke mutumin ya sa a kwalin. Amma iƙamarsa, takardar izinin zama, tana hannun kafili, mai warshar da ya tsaya masa, naushi ɗaya sai jirgin gida. Ya cusa hannuwa a hammata, jini na cika masa baki. Mudir ya fizgo hannun daman, ya ɗora a bakin durowa, ya rufe da ƙafa. Ƙarar babban yatsan, in ji Harouna, har Zinder an ji.

Mudir ya ce, "Yalla, huruj, bar ƙasar! Je ka yanka na garinku."

Haƙurin ya tashi a banza, an ba shi mako guda ya tattara.

Ana saura kwana biyu wani tsohon soja daga unguwar Shifa, mai tara bajo a gilashi kamar kayan ɗakin amarya, ya ji labari, ya zo neman yankakken shaho. Ya ce yana da na runduna saba'in, bai taɓa ganin wanda aka yi wa halal ba. Ya kwashe kwalin, ya karɓi kafalar Harouna, ya ajiye shi mai goge gilasai.

Yatsan ya warke a karkace, allura ba ta zama. Talha har yau rantsuwa yake hira ce kawai ya yi. Harouna kuwa in tsohon ya yi baƙi, sai ya nuna musu bajon da yatsan nan, ya ce duk ɗari ukun babu mushe ko ɗaya.