Tambayar da Na Kai Damagaram

Mun tashi da asuba, kaji ma ba su sauko ba, ni da ƴata mai shekara goma sha huɗu da mahaifinta. Ku da kuka san ni kun san ba na son tafiya, kasuwar Matameye ma sai an ja ni. Amma ran nan ni na riga kowa yafa mayafi, don akwai tambayar da ta hana ni sakat.

Bari in ba ku mafari. Shekara biyu ina rigima da telanmu. Duk rigar da ya ɗinka wa yarinyar nan sai in ga gefe ɗaya ya fi sauka. In mayar masa, ya sake gwadawa, ya rantse ɗinkinsa daidai yake. Da na gaji da shi na koma kanta: "Ke, miƙe! Wace irin tsayuwa ce wannan kamar an jingine buhu?" Sai wata rana ta sunkuya tana wanke-wanke, na ga haƙarƙarinta na dama ya taso ya fi na hagu. A gidan likitan garinmu aka ce ƙashin bayanta ne ya lanƙwashe, aka ba mu takarda zuwa Damagaram. Kafin la'asar matan unguwa sun gama shari'a: jarkar ruwan da nake ɗora mata a ka tun tana ƴar shekara tara ce. Ban yi musu ba, don ni ma abin da zuciyata ta ce ke nan. Ita kuwa yarinyar ta ɗauke mini wuta, daga "to" sai "a'a".

A tasha muka tarar kuɗin mota ya hau, direba ya ɗora wa tsadar man fetur laifi. Na zo da matashin kai don in tokare mata baya, ta ce ba ta so. Wani dattijo da ke gefenmu ya ce shi yana so, kuma kafin mu kai Kance ya yi barci a kai har da minshari. Damina ta yi kyau bana, hatsi ya fi mutum tsawo dama da hagu. Duk ramin da motar ta faɗa sai in riƙe kafaɗar ƴata, ita kuma ta zame. A Takeita muka hau babban titi. Na sayi ƙosai mai zafi, ƙanana ƙwarai, kamar an auna su da cokalin shayi, amma yajin ya biya.

Damagaram ta cika mini kunne da ƙarar baburan kabu-kabu da odar motoci. A gidan likita aka fara ɗaukar hoton ƙashi, wanda su suke ce wa rediyo, sannan aka ce mu jira. A kan benci na haɗu da wata mata daga wajen Kurni da tata ƴar. Ta dube mu sau ɗaya ta ce, "Ke ma tela kika fara zagi?" Na yi dariya har da hawaye. Ta ƙwanƙwasa cikin ƴarta, na ji ƙwas-ƙwas kamar ƙwarya. Ashe wata rigar roba mai tauri ce a ƙarƙashin hijabin, korse sunanta, ita ke tare ƙashin kada ya ƙara karkacewa. Wallahi da ba ta ƙwanƙwasa ba da ban gane ba. Ta ce a sa singileti mai laushi daga ciki saboda zafi, kaya kuma a ɗinka masu yalwa. Abin da na koya a bencin nan, wata uku ina nema ban samu mai faɗa mini ba. Ƴan matan kuwa tuni sun haɗa kai suna ƙus-ƙus.

Likita ya ɗaga hoton a haske. Ƙashin ya tafi ya karkata ya dawo, kamar hanyar shanu. Malam, mahaifinta, yana tambayar magani, ni na kasa haƙuri na katse shi.

"Likita, don Allah kada ka ɓoye mini. Jarkar da nake ɗora mata ce?"

"Inna, in jarka ce ke yin wannan, da rabin matan ƙasar nan a karkace suke tafiya."

Ya ce galibi ba a san dalili ba, yakan bayyana ne lokacin da yaro ke tsawo. Za a auna ta a yi mata korse, mu riƙa dawowa ana dubawa har ta gama girma, lakwal kuma, wato makaranta, kada ta fasa. Na ji kamar an sauke mini tawa jarkar. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma ba gangancin tsayuwa ba ne. Ko ta so, ba za ta iya miƙe shi da kanta ba."

Na taso da laifin da ba nawa ba, na tarar da nawa na gaskiya yana jirana. Shekara biyu ina yi wa ƴata tsawa a kan abin da ba ta da iko da shi.

Da muka fito Malam ya tafi sayen kilishin tsaraba. Na kama hannunta na ce, "Duk 'miƙe' ɗin da na ce miki, ki yafe mini." Ba ta janye hannun ba.

A hanyar dawowa gajiya ta kama ni, na lanƙwashe a kujera ina gyangyaɗi. Mun wuce Takeita sai na ji yatsa a haƙarƙarina.

"Inna, miƙe. Wane irin zama ne wannan kamar an jingine buhu?"

Malam ya ƙware da kilishi. Ni kuwa na miƙe zumbur, ina dariya ina share ido da bakin mayafi.

Mun iso gida kafin magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini: in kika ga rigar ɗiyarki ta karkace, ki duba bayanta kafin ki buɗe baki, kuma ki nemi uwar da ta riga ki shiga, don ita ce za ta faɗa miki zancen singileti. Washegari na tafi wajen tela da sabon yadi da ƙullin kilishi. Ya ga na shigo, ya ajiye almakashi ya ce, "Yau kuma wane gefe ne ya sauka?"

Na ce, "Nawa gefen."