Shekarar da Baba Ya Zama Daliget

Har yau idan na wuce wurin masu dafa mazarƙwaila na ji ƙaurin ruwan rake, sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

Ina 'yar shekara tara a Gazara aka sa Baba daliget, wato cikin waɗanda za su fidda ɗan takarar jam'iyya. Manomin rake ne, bai taɓa neman kujera ba. Mutanen mazaɓa ne suka nace, don ba su san shi da ƙarya ba. Tun daga nan zaurenmu bai sake yin shiru ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana tsakar gida tana gyaran wake, amma daga sallama take gane kowa. Mai zuba wa ɗan takara kirari, ta ce sojan baka ne, iyakarsa surutu. Samarin da ke jingine da mota da jajayen idanu kuwa 'yan banga ne, ta hana ni ko leƙensu. Ɗan takarar sau ɗaya ya zo, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Yana fita ta ce da ni, "Shi ma aiko shi aka yi. Ubangidansu ba ya zuwa gidan kowa."

Wanda ta fi tsoro wani siririn mutum ne, ɗan aiken ubangidan. Ana jibi zaɓe ya zo da hantsi, ya ce an kama wa daliget masauki a Zariya, mota na jira.

Baba ya ce, "A gidana zan kwana, Alhaji. Kuma wanda mutanena suke so, shi zan zaɓa."

Mutumin ya yi murmushi, ya sa takalmansa a hankali. "Madalla, Malam. Na biyo ta fadama, na ga rakenka ya yi kyau bana. Allah ya tsare."

Baba ya je Makarfi ya zaɓi wanda ya yi niyya, aka kuma kayar da wanda ya zaɓa ɗin. Bayan kwana huɗu, maza na masallacin Juma'a, hayaƙi ya turnuƙe fadama. Mu mata da yara muka ruga da bokitai, amma ko kusa ba mu iya matsawa ba. Rake na fashewa kamar ana harbi. Da Baba ya iso ya daɗe tsaye, sannan ya ce mu koma gida. Bai kai ƙara ba, bai kuma sake taka wurin taron jam'iyya ba har ya rasu.

Yanzu sojojin baka sun koma cikin waya, ubangida ma ba ya buƙatar aiko kowa har zaure. Makon jiya autanmu ya kira ni, shi da ba a ma haife shi ba a lokacin.

"Yaya, an ba ni daliget!"

Na tambaye shi ko ya sare rakensa. Ya yi dariya, ya ce ai zamani ya canza, kuma da saura wata guda kafin ya nuna.